Albam ɗin ya haɗu, amma waƙa ta biyar ta ƙona min rai

Tsakani da Allah waƙoƙi huɗun farko sun tafi da ni. Jitar nan a tsage take fitowa, irin ƙarar nan mai kaushi kamar sifika ta fashe, kuma ba su goge komai ba, kana jin yatsan mai jitar yana zamewa a kan waya, kana jin mai ganga yana ƙwanƙwasa sandunansa kafin su afka ciki. Wannan shi ne kiɗan gareji na asali, tun na samarin Amurka a shekarun 1960 da suke tara kayan kiɗa a garejin gidan iyayensu su yi ta bugu ba ruwansu da wani gyaran sauti. Ga kuma sintesaiza, na'urar nan mai haɗa sautin kiɗa da lantarki, can ƙasa-ƙasa tana gurnani a bayan jitar, ba ta yi mata shisshigi ba. Na ce to, mutanen nan sun san hannunsu.

Sai waƙa ta biyar. Haba! An fara lafiya lau, jita da ganga suna ta rige-rige, ana zuwa tsakiya kawai suka sallami mai gangar suka kunna injin kiɗa, irin dukan 808, injin gangar nan na kamfanin Roland da ya fito tun 1980 wanda yanzu kowa ke cusawa a waƙarsa, bes ɗin, wato sautin nan mai kauri, ya zo ya danne komai har jitar da na zo dominta ta koma kamar kukan sauro. Muryar mawaƙin ma, mai ɗan dishi-dishin nan mai daɗi, suka bi ta da otocun, manhajar gyara murya, suka daidaita ta tsaf, duk wani ɗacin da ke cikinta ya gudu. To in santsi nake nema me zai kawo ni nan? Na cire iyafis na saka a babbar sifika ko za a samu sauƙi, ina, sai ma abin da ya ƙaru.

Ta bakwai ta ɗan wanke su gaskiya, nan ne haɗin ya zauna daram, injin yana riƙe da taku mai gangar kuma yana ta yi masa ado a kai, har na fara cewa a yafe musu. Amma da na koma na bi albam ɗin daga farko sai wani haushin ya taso: sun cika masa ƙara wajen haɗa sauti, inda ya kamata a yi sanyi da inda ya kamata a fashe duk tsawo ɗaya, kafin ka kai ƙarshe kunne ya gaji. Kiɗan gareji ai da numfashi yake tafiya.

Zan ci gaba da jin huɗun farko da ta bakwai. Ta biyar kam na cire ta daga jerin waƙoƙina.