Na shiga tsohon gidan tsare bayi na Cape Coast, ga yadda na ga zagayen

Jama'a satin da ya wuce muka dawo daga Ghana ni da wasu 'yan cocinmu, tun a mota nake cewa sai na rubuta wannan saboda masu niyyar zuwa. Daga Akara zuwa Cape Coast kusan awa uku ne in ba a samu cunkoso ba. Kana biyan kuɗin shiga sai a haɗa ku da wasu a ba ku ɗan jagora, namu matashi ne mai haƙuri, duk tambayar da aka yi mai sai ya tsaya ya amsa, ko da mamanmu shugabar zumuntar mata ta sa shi ya maimaita abu sau uku bai ɓata rai ba.

Mutanen Suwidin suka fara ginin a 1653, Turawan Ingila suka ƙwace a 1664. Amma ni ba shekarun ne suka tsaya min a rai ba. Jagoran ya sauka da mu kurkukun maza na ƙarƙashin ƙasa, ya kashe wuta na ɗan lokaci, kai duhu da zafi da wani irin wari na danshi, iska sai ta 'yan ƙananan ramuka can sama, ga ƙarar teku kana ji ta bango. Da muka fito sai ya nuna mana saman wurin ya ce nan ne majami'ar Turawan take. Wato ana sujada a sama ana raira waƙa ga Ubangiji, mutane ɗaure da sarƙa suna mutuwa a ƙarƙashin ƙafarsu, Littafi Mai Tsarki ɗaya da nawa, wanda Galatiyawa 3:28 ke cewa ba bawa ba ɗa a cikin Almasihu. Gaskiya jikina ya yi sanyi, na kasa ko ɗaukar hoto.

Abin da ya sa na yaba wa jagoran nan, bai ɗora wa farar fata laifin duka ya wanke mu ba. Ya faɗi yadda ake gangaro da bayi daga arewa, ya ambaci kasuwar bayi ta Salaga da ke arewacin Ghana, ni kuwa na san fataken Hausa masu cinikin goro sun yi zama sosai a Salagan, to ka ga ba zan tsaya ina nuna wani da yatsa kawai ba. A ƙofar da ake fitar da bayi zuwa jirgi, wata baƙar fata 'yar Amurka a cikinmu ta fashe da kuka, mamanmu ta riƙe hannunta, wani dattijo Bature ya matso ya ce a yi mai gafara, fastonmu ya yi addu'a gajeriya da Hausa, su biyun ba sa jin ko kalma ɗaya amma sun ce amin.

Kar ka wuce kabarin Philip Quaque a tsakar gidan, shi ne baƙar fata na farko daga Afirka da cocin Anglikan ta naɗa limami a 1765, ya yi hidima a nan ana cinikin bayi a gabansa har Ingila ta haramta a 1807.

Abin da ya ɗan dame ni, samari masu talla a waje suna da naci, ka ce a'a sau ɗaya ka wuce. Ka je da safe, ka riƙe ruwa, in da tsoho a tafiyar a kama mai hannu wurin sauka kurkukun don gangaren yana da santsi.