Janaretan da tarakta ke juyawa: wanne za ka saya?

Mai tarakta da ke son kunna famfon ban ruwa ko injin casa ya riga ya ci rabin hanya, domin inji na hannunsa. Kan janareta kawai zai saya ya haɗa da PTO, wato sandar nan mai juyawa da ke bayan taraktar. Sai dai yawancin kukan da ake yi, wuta na hawa tana sauka, koyil ya ɗau zafi ya ƙone, tun ranar ciniki ake sayo shi.

Fara da gudu. Wutar Najeriya da Nijar 50Hz ce, wato tana kai da komowa sau 50 a daƙiƙa; a Najeriya bolt 230 ne a layi ɗaya, 400 a layi uku. Janareta iri biyu ne: akwai wanda sai ya juya sau 3,000 a minti kafin ya ba da wannan wuta, akwai mai juyi 1,500. Na farko ya fi araha, bai kuma kai ɗayan nauyi ba, amma ya fi ƙara da cin boris. In yini za ka yi kana aiki, ni dai mai 1,500 zan ce ka ɗauka, ko da ya ciji aljihu. Ka kuma ƙirga haƙoran sandar taraktarka don ka sayi wanda ya dace da ita: mai shida ta juyi 540 ce, mai 21 ta 1,000.

Na hannu da aka shigo da shi daga Amurka yakan ja ido saboda kyan jiki. An gina shi ne a kan 60Hz. Ka rage totur don ka sami 50, bolt ya faɗi, fankar da ke sanyaya shi ta rage gudu, zafi ya taru. Ka bar shi inda ka gan shi.

Tsakanin janareta mai kafasita da mai AVR (na'urar da ke daidaita bolt da kanta) kuwa, mai kafasita ya wadatar ga fitilu da ƙananan kaya, gyaransa ma ba wuya. Famfon rijiyar burtsatse da injin niƙa suna zuƙar wuta ninki da yawa lokacin tashi, nan AVR ke riƙe bolt. Amma fa ba ta gyara gudu. In tarakta ta durƙushe da nauyi, AVR za ta yi ta tura wuta cikin koyil har ya gasu. Shi ya sa ake lissafin ƙarfin doki biyu ga kowane kilowat ɗaya. Tarakta Massey Ferguson 375 mai doki 75, tunda ba duk ƙarfin ke isa sandar PTO ba, kada ka jibga mata abin da ya wuce kilowat 30.

Kada ka yarda da wanda ba shi da mitar Hz da abin katse wuta. Ga kuma ƙurar hunturu da ƙaiƙayin shinkafa masu toshe kafofin iska, don haka zaɓi wanda ragarsa ke cirewa a share.

Kafin ka biya, a ɗaura shi a taraktarka, a kunna masa famfon da zai riƙa ja na rabin awa. Ka sa ido kan allurar: ta tsaya a 50, ko ta sauka?