Tiren Jibi mai gurbi 40: abin da dattawan ikkilisiya za su duba kafin su saya

A yawancin majami'un ECWA da COCIN, fasto ne ke yin addu'a a kan gurasa da ƙoƙo a lokacin Jibi, wato cin gurasa da shan ƙoƙo don tunawa da mutuwar Yesu, amma dattawa ne ke zagayawa da tire layi-layi. Don haka su ya kamata a tura shago idan za a sayi sabo. Tiren da muka duba shi ne na ƙarfe mara tsatsa, mai gurbin kofi 40, irin da ake samu a shagunan kayan majami'a. Faɗinsa kusan santimita 31 ne. Saitin ya ƙunshi gindi, da tirori da ake ɗora wani kan wani, da marfi mai gicciye.

Ya fi na alminiyam nesa ba kusa ba. Inda ake amfani da zoɓo ko wani jan lemo a madadin ruwan inabi, tsamin yana cin alminiyam har ya yi ɗigo-ɗigon baƙi. Na ƙarfe mara tsatsa kuwa ruwan ɗumi da sabulu sun ishe shi, in dai an goge shi ya bushe. Soson ƙarfe yana kashe ƙyallinsa, bilic, sinadarin farfaɗo da farin kaya, kuma yana huda shi a hankali. A tafi shago da maganaɗisu: in ya kama tiren gam, a yi hattara, wataƙila baƙin ƙarfe ne aka yi wa fenti mai sheƙi, damina ɗaya zai fara tsatsa.

Babbar matsalarsa kofuna. Sau da yawa dabam ake sayar da su, kuma ba kowane kofi ke zama daidai a gurbin ba. Wanda ya yi siriri yana nutsewa, tsohuwa mai rawar hannu ta yi ta fama ta kasa zaro shi. Wanda ya yi kauri kuma yana tsayawa a karkace, ya zube da zarar dattijo ya sunkuya. A gwada kofi a gurbin tun a gaban mai shago. Kofin yana ɗaukar kimanin mililita 15, amma kada a zuba fiye da 10. Da wannan lissafi, masu cin Jibi 200 suna bukatar tire 5 da lita 2 na abin sha. A zuba da gorar roba mai tsinin baki, domin buta tana jiƙa tiren, kofuna su manne. Kofin gilashi ya fi tsabta, ba ya riƙe jan zoɓo kamar na roba, sai dai guda 40 a tire ɗaya suna da nauyi ga dattijon da shekaru suka ja.

Yawan tiren da za a saya daga rajistar masu baftisma ake cire shi, ba daga cikar majami'a ranar Kirsimeti ba. Nan ma aikin dattijo ne, tunda shi ya san wanda ya ƙaura, da wanda ke ƙarƙashin horo, da wanda aka maido cikin zumunci. Kiwon garke da 1 Bitrus 5:2 ya ɗora masa ya haɗa da wannan ƙidaya.

Inda tiren bai biya bukata ba shi ne ziyarar marasa lafiya. Yakubu 5:14 ya ce mara lafiya ya kira dattawan ikkilisiya, kuma inda ake kai Jibi gida, ba mai iya ɗora wannan tire a babur. Sai an nemi ƙaramin akwati dabam, mai 'yan kofuna da kwalba mai marfi.

Majami'ar da masu cin Jibinta suka haura 80, ta saya, ta ƙara tire ɗaya na ko-ta-kwana da kofuna 20 a ajiye, don kofi ne ke fara ɓacewa. Ƙaramar majami'ar ƙauye kuwa, tire ɗaya da marfinsa sun wadatar, ba sai an biya kuɗin gindi ba.