Na sa Suno ya yi wa taubashina waƙar zambo

Ni fa ba mawaƙi ba ne, muryata ko akuya na rera wa sai ta tsinke igiya, amma sati uku ke nan kusan kullum sai na saki waƙa, kuma duk a kan mutum ɗaya, taubashina ɗan gidan kawu. Bawan Allahn nan ya ci min bashin dubu biyar tun kafin azumi, kullum sai gobe sai jibi, na ce to tunda kuɗin ba fitowa za su yi ba bari in fanshe da zambo.

Suno manhajar AI ce mai haɗa waƙa, ta wani kamfani a Amurka, can jihar Massachusetts, ana shiga ta burauza ko a sauke manhajar a waya. Akwai hanyar 'yan hutu, ka gaya masa ga irin waƙar da nake so shi ya rubuta ya rera, akwai kuma inda za ka zuba baitocinka da kanka a akwati ɗaya, salon kiɗa a ɗaya akwatin. Don Allah ku bi ta biyun. Zambo ai sai wanda ya san mutum, inji ina ya san taubashina yana ɓuya bayan buhun masara in ya hango ni a kasuwa? Kai ke kawo gishirin, shi kiɗa da murya ne aikinsa, kuma a nan kam wlh ya iya, kafin shayinka ya huce waƙa ta fito har da amshi.

Lokacin da na fara, kyauta ana ba da kiredit 50 a rana, duk dannawa ɗaya ta ci 10 ta ba ka waƙar kala biyu ka zaɓa, waƙa goma ke nan a yini, wanda ga mai neman raha ya isa har ya yi yawa. Na kuɗi dala 10 ne a wata, ni dai ban biya ba, a kan bashin dubu biyar zan kashe dala goma? Ku sani kuma waƙar da aka yi a tsarin kyauta ba ta sayarwa ba ce, sharaɗinsu ne, dama a 2024 manyan kamfanonin waƙa, Universal da Sony da Warner, sun maka su kotu kan waƙoƙin da aka koyar da injin da su, to mu dai iyakarmu gurup ɗin gida da sitatus.

Inda ake shan wuya da duk irin waɗannan manhajoji shi ne rubutun Hausar kansa. Bokonmu ba ya nuna karin sauti, ba ya nuna dogon wasali da gajere, mu ne ke ganewa daga zancen. Kafin Suno na gwada wata, ba sai na faɗi sunanta ba, na rubuta "taubashi yana da bashi" ta karanta shi da karin bashi na wari, wato mutumin ɗoyi yake. Inna ta ji ta ce kai ɗan nan ba ka da kirki, kuɗi kake bin sa ko wanka? Daga nan na koyi dabara, in wasali dogo ne sai in ninka shi, baashii, in gajarta layi kar ya wuce kalma biyar ko shida, in kalma mai fuska biyu ce in canza ta gaba ɗaya. Salon kiɗa kuma da Turanci nake rubutawa, afrobit ko rege, sun fi zama da amshi mai maimaici. Kuma kar ka ja ta, minti ɗaya ya isa, in ta yi tsawo mutane ba sa ƙarasawa ga data na tafiya.

A wajena makin Suno huɗu ne cikin biyar, ɗayan na riƙe ne saboda dare nawa na raba ina sake dannawa.

Shekaranjiya taubashin nawa ya turo dubu biyu. Jiya kuma na wayi gari da linki a gurup, ashe shi ma ya buɗe akawun, ya yi min tawa a kan tsohon mashin ɗina da sai an tura yake tashi, har da mata masu amshi, kuma abin haushi tasa ta fi tawa daɗi.