Gora, sanda mai kwarkwaro ko ta ƙwaron gashi: wace fatsa ce ta dace da ruwan Katsina?

Duk wanda ya taɓa kallon bidiyon Bature tsaye cikin rafi yana kaɗa doguwar igiya bisa kansa, sannan ya aje wani ɗan ƙwaron bogi na gashin tsuntsu a kan ruwa kifi ya cafke, ya san abin yana da ban sha'awa. Samari da dama a Katsina da Daura sun fara tambayar inda za su sami irin wannan sanda. Kafin ka tura kuɗinka, fara duba ruwan da za ka jefa ta, don shi ne zai zaɓa maka.

Wannan salon fatsa ya bunƙasa ne a Ingila da Amurka, a koguna masu sanyi da ruwa garau, inda kifi ke hango ƙwaro daga nesa. Mu kuwa madatsai gare mu: Ajiwa a Batagarawa, Zobe kusa da Dutsinma, dam ɗin Jibiya, sai Sabke da Daberam ta ɓangaren Daura. Da damina ruwansu jajir yake da laka, sai kaka ta wuce yake kwantawa. Kifayen da aka fi samu su ne karfasa da tarwaɗa da kurungu, kuma kowanne da yadda yake cin abinci. Tarwaɗa a ƙasa take kiwo, da gashin bakinta da ƙanshi take gano abinci, gashin tsuntsu a saman ruwa bai cika ɗaɗa ta da ƙasa ba. Karfasa ce ke zuwa bakin gaɓa cikin ciyayi, ita da ƙananan kifaye irin su kawara masu tsalle su kama ƙwaro.

Fatsar gora ba ta buƙatar dogon bayani. Gora mai ɗan lanƙwasa, zaren roba, ƙugiya, ɗan dalma, da guntun tsohon silifa a matsayin abin da zai yi iyo ya nuna maka kifi ya taɓa. Ka sa tana ko fara. In miya kake nema, wannan ta ishe ka, illarta kawai ba ta kai zare nesa da tsawonta.

Sanda mai kwarkwaro, wadda ake naɗe zare da hannu, ita ce zan ce yawancin masu saye su nufa. Nauyin dalma ko na abincin ne ke jan zaren, shi ya sa kana tsaye a gaɓa za ka iya wurga shi can tsakiya inda tarwaɗa take. Akwai mai shigewa cikin juna kamar eriyar rediyo, da mai gida biyu da ake haɗawa. Ta farko tana da daɗin ɗauka a babur, amma yashi na shiga gaɓoɓinta ta cije, kuma a nan take karyewa. Mai gida biyu ta fi ƙarko. A shago, ka zura yatsa cikin zobban da zare ke bi. In ka ji kaushi ka aje ta, don za ta riƙa cin zare har ya tsinke ranar da babban kifi ya kama. Ka juya kwarkwaron a hankali ka saurara. Sannan ka ja zaren da hannu ka ga ko birkinsa na sakinsa sumul ko yana fizga. Yawan ƙyalli da zanen kwali ba sa kama kifi.

Sai ita sandar ƙwaron gashi. A nan komai a juye yake: ƙwaron ba shi da nauyi, igiyar ce mai kauri da nauyi, ita ke ɗaukarsa zuwa inda ake so. Saboda haka ba a sayen sanda daban, igiya daban yadda aka ga dama. Kowace sanda tana da lamba a jikinta kusa da mariƙi, dole lambar igiya ta yi daidai da ita. Mai lamba 5 ko 6, tsawon ƙafa 9, ta isa karfasa da kawara. Mai lamba 8 sai in kana sa ran kifi mai ƙarfi ko kana fama da iska. Ka nemi igiya mai iyo a saman ruwa, ba mai nitsewa ba. In kuɗin ba su kai ba, ka rage a kwarkwaro ka ƙara a igiya, don a wannan salon aikin kwarkwaro galibi ajiyar igiya ne. A ƙarshen igiyar ana ɗaura siririn zaren roba da kifi ba ya gani, shi ne ke ƙarewa kullum, ka sayi na ajiya.

Matsalolin wannan sanda a nan suna da dama, kuma masu talla a intanet ba za su faɗa maka ba. Tana son fili a bayanka kusan daidai da nisan da za ka jefa a gaba, ga gaɓar madatsanmu da ƙaya da geza. Iskar hunturu tana dawo maka da igiya a fuska, don haka tabarau da hula ba ado ba ne, ƙugiya a ido ba wasa ba. Ba kaya ba ne da za ka tarar a kowane shago, in kan sandar ya karye sai ka jira saƙo daga nesa. Kuma hannu sai ya koya. Ka fara a filin ƙwallo da guntun ulu maimakon ƙugiya, ko da yara za su yi maka dariya.

Ƙwarin kansu kada ka sayi akwati guda. Yawancinsu an kwaikwayi ƙwarin ƙasashen sanyi ne. Kaɗan masu duhu da ke nitsewa a hankali, da kaɗan masu iyo kamar fara ko shinge, sun wadatar. Ka tuna lambar ƙugiya tana hawa ne girmanta na raguwa: 12 ta fi 8 ƙanƙanta, kuma bakin karfasa ƙarami ne, tsakanin 10 da 14 za ka tsaya. Gashin zabo da na wuyan zakara, waɗanda masu wannan sana'a a Turai ke saye da kuɗi, mu a bola muke zubar da su. Da zaren ɗinki da ƙugiya za ka ɗaure naka.

A nan ne wata hanya ta tsakiya take, wadda na fi so ga mai son gwadawa. Mutanen Japan suna da irin wannan fatsa ba tare da kwarkwaro ba, doguwar sanda ce kawai da zare da ƙwaro. Gorarka mai sauƙi za ta yi wannan aikin. Ka je da sassafe ko bayan la'asar, lokacin da kifi ke tasowa, musamman farkon damina da shinge ke fita. In ka ga karfasar wurin tana amsawa, sannan ka yi odar mai tsada.

Abu ɗaya da bidiyon ke sa mutane yi shi ne shiga ruwa har gwiwa. Ruwan da ke kwance a yankinmu yana iya ɗauke da tsargiya, mai sa fitsarin jini, kuma ta fata take shiga. Ko ka tsaya a gaɓa, ko ka sa dogon takalmin roba cikin lissafin sayayyarka. Kafin ka jefa ƙugiya a wurin da ba ka saba ba, ka gaida sarkin ruwa ko masuntan wurin, su nuna maka inda suka shimfiɗa kalli da mari-mari kada ka sarƙe musu kaya. In Zobe ko Jibiya ka nufa, ka tambayi mutanen gari halin da hanya take ciki tun kafin ka tayar da babur.