Amurkawa Ma Tsallaka Iyaka Suke Yi Neman Magani

Ku da kuke gida kuna ganin duk wanda ya taka Amurka ya rabu da wahala, ku zo bakin kogin Detroit. Tsallakensa garin Windsor ne na Kanada. A 2019 masu ciwon suga suka riƙa yin ayari a motoci suna haye gada don sayen insulin kawai. Ƙaramar kwalbar da a lokacin ke kusan dala 300 a Amurka, a can ba ta wuce wajen dala 30 ba, kuma kamfani ɗaya ne ya yi su. Ko takardar likita ba a nema. Sanata Bernie Sanders da kansa ya raka irin wannan ayari a watan Yulin shekarar. Abin haushin ma, a Toronto aka gano maganin a 1921, masu gano shi suka sallama wa Jami'ar Toronto haƙƙinsa a kan dala ɗaya kowannensu.

Sayayyar tana da ƙa'ida. Ba a wuce na wata 3, a bar shi cikin kwalinsa saboda jami'an kwastan, a sa a kula mai sanyin digiri 2 zuwa 8. Kada kwalbar ta taɓa ƙanƙara, kada a bar ta a but ɗin mota da hunturu, don in ta daskare ta tashi aiki. Mu kuwa a gida sai ka tarar da ita a firjin kemis da ya kwana biyu ba wuta, mai shago yana rantsuwa lafiyarta ƙalau, mai saye kuma kunya ta hana shi tambaya.

Daga 2023 farashin ya sauko a Amurka, amma fargabar na nan, ita ke sa mutane tunanin ƙaura gaba ɗaya. Inshorar lafiyar yawancin ma'aikata a jikin aikinsu take: aka sallame ka, ta tafi. Mai inshorar ma sai ya fara kashe dubban daloli daga aljihunsa a shekara kafin kamfani ya sa hannu sosai. Motar asibiti kan ci sama da dala 1,000, shi ya sa wani yana jin jiki zai ce a kira masa tasi. A lardin Ontario na Kanada, mai katin lafiya na lardi dalar Kanada 45 yake biya, ganin likita da kwanciya kuma ba ko sisi. Mai jego a Amurka mako 12 dokar tarayya ta ba ta, babu albashi. A Kanada iyaye na iya samun shekara guda ana biyansu kashi 55 cikin 100 na albashinsu, har zuwa wani iyaka.

A daren zaɓen shugaban Amurka na Nuwamban 2016 shafin hukumar shige da ficen Kanada sai da ya tsaya cak saboda cunkoso. Masu leƙawa da yawa, masu tafiya kaɗan, don fasfon Amurka izinin ziyara kawai yake bayarwa. Mai son zama sai ya bi layi ɗaya da ɗan Kano da ɗan Maraɗi a tsarin Express Entry, inda ake lissafa maki cikin 1,200. Ɗan shekara 20 zuwa 29 ke kwashe makin shekaru, mai 45 ba ya samun ko ɗaya. Ba'amurken da aka haifa da Turanci ma sai ya zauna jarrabawar Turanci, a tantance digirinsa, ya nuna kuɗi a banki. Ga inda gizo ke saƙar: a gwajin lafiya ana iya ƙin mutum in aka ga jinyarsa za ta yi wa gwamnati tsada, wato wanda ya fi kowa buƙatar tsarin shi ya fi fuskantar ƙi.

Wanda ya shiga kuma sai haƙuri. Miliyoyin 'yan Kanada ba su da likitan iyali, ganin ƙwararre kan ɗauki watanni, katin ba ya ɗauke wa yawancin manya kuɗin haƙori, tabarau da maganin kanti. Hayan gida a Toronto da Vancouver sai wane da wane. Asibitin tsaf-tsaf, amma ba ka ganin kwanukan 'yan dubiya jere a ƙarƙashin gado, ba mai kawo kunu da asuba. Amurka kuma ba ta sakin ɗanta: duk shekara sai ya cike mata takardun haraji daga Kanada, in kuɗinsa a bankunan waje suka haura dala 10,000 ya kai rahoto, in ya ƙi tara ta hau kansa.