Maɓallin sauya kalmar sirri bai tsinana komai ba, tsarin ceto ne ya fitar da ni kunya

Kamfanonin da ke ba da hayar saba, wato kwamfutar da ke ɗauke da shafukan intanet, duk waƙa ɗaya suke rerawa a tallansu: girman diski, saurin na'ura, yawan bayanan da za su iya wucewa a wata. Ba ka jin mai maganar ranar da sabar za ta ƙi karɓar mai ita. A wannan fannin kaɗai zan auna kamfanin da ƙungiyarmu ke haya a wurinsa, kuma ba zan kama suna ba.

Sabar tamu ƙarama ce, irin wadda ake yanka wa mutum daga cikin babbar na'ura guda da mutane da yawa ke rabawa. Ubuntu 22.04, wani nau'in Linux, ke kanta, tana ɗauke da shafin ƙungiya da rumbun bayanan mambobi. Wanda ya kafa ta ya bar aiki, ya miƙo mini kalmomin sirri guda biyu: ta shiga asusunmu a shafin kamfanin, da wadda ya ce ta root ce, wato babban mai iko a kan sabar. Ta farko ta buɗe lafiya lau. Ta biyu ta ƙi. Ina cikin sake gwadawa sai sabar ta daina amsa mini kwata-kwata ta SSH, hanyar da ake shiga saba daga nesa, alhali shafin na nan yana buɗewa ga kowa. Aikin fail2ban ne, manhajar da ke korar mai yawan kuskuren kalmar sirri. A yadda yake zuwa, kuskure 5 ke sa ya toshe adireshin mutum na minti 10, amma mutumin namu ya tsawaita hukuncin sosai.

Abu na farko da ido ke gani a allon sarrafa asusu shi ne maɓallin sauya kalmar sirrin root. Na danna, ya ɗan yi juyi, ya fito mini da sabuwar kalma cikin koren akwati mai nuna an yi nasara. Ba ta yi aiki ba. Wannan ne babban ƙorafina a kan kamfanin, don maɓallin ba shi da hannun da zai taɓa diskinka kai tsaye. Saƙo yake aika wa wata ƙaramar manhaja da ke zaune a cikin sabar, qemu-guest-agent, ita ce ke yin sauyin. A tamu sabar an cire ta tun tuni, daga baya na tabbatar da haka. Ke nan saƙon bai tarar da kowa ba, amma allon ya nuna mini kore. Da ya ce bai samu amsa daga sabar ba, da tun farko na san inda na dosa. Mutumin da bai saba da harkar ba zai yi ta zargin yatsunsa ne yana sake kwafar kalmar da ba ta taɓa shiga ko'ina ba.

Na biyu shi ne konsol, tagar da ke buɗewa a burauza ta nuna maka allon sabar kai tsaye, ba ta hanyar SSH ba, don haka toshewar fail2ban ba ta shafe ta. Tana aiki, amma da kyar da siɗin goshi. Ba a iya liƙa rubutu a cikinta, sai ka buga harafi ɗaya bayan ɗaya, kuma tsarin madannan Amurka take bi, alamomi irin su @ da # da | suna iya fitowa daban idan naka tsarin ba shi ba ne. Sananniyar dabarar da ake yi daga nan ita ce a sake kunna sabar, a tsayar da GRUB, manhajar da ke tayar da Linux, da Esc ko Shift, a danna e, a ƙara init=/bin/bash a ƙarshen layin da ya fara da linux, a danna Ctrl+X. Mutum zai faɗo cikin root ba tare da an tambaye shi komai ba, sai ya buga mount -o remount,rw / sannan passwd. Dabarar na da kyau, sai dai a wannan konsol ɗin ba ta kamuwa. GRUB na sabar ba ya jira ko daƙiƙa ɗaya, ita kuma tagar tana yankewa duk lokacin da aka sake kunnawa, kafin ta dawo an riga an wuce wurin. Na bar ta.

Tsarin ceto shi ne abin da ya cancanci yabo, kuma abin mamaki an ɓoye shi can ƙarƙashin wani shafi na uku. Yadda yake aiki: ka kunna shi a allon sarrafawa, ka sake kunna sabar, maimakon ta tashi daga diskinka sai ta tashi da wani ƙaramin Linux na kamfanin wanda ke zaune a cikin ƙwaƙwalwar na'ura kawai. Diskinka yana nan a gefe ba a taɓa shi ba. Manyan kamfanoni ma haka suke yi, Linode yana amfani da wani Linux mai suna Finnix, na Hetzner kuma a kan Debian aka gina shi. Namu ba ɗaya daga cikinsu ba ne, amma nasa bai gaza ba. Ya ba ni zaɓi ko a ba ni kalmar sirri ta wucin gadi ko in saka makullin SSH nawa, fayil ɗin da ke maye gurbin kalmar sirri wajen shiga. Na zaɓi makulli. Kafin in taɓa komai na ɗauki kwafin diskin gaba ɗaya daga allon sarrafawa, wannan ma ya tafi daidai ba tare da gardama ba.

Da na zo shiga, kwamfutata ta ja ni da gargaɗi da manyan baƙaƙe cewa shaidar sabar ta canza, wataƙila wani ne ya shiga tsakani. Wannan ba abin tsoro ba ne a nan: tsarin ceto na da nasa makullin shaida, daban da na sabarka, ko da yake adireshin ɗaya ne. Kamfanin ya nuna zanen makullin a allon sarrafawa don mutum ya kwatanta, abin da ban zata ba, kuma na ji daɗinsa.

Daga nan aikin bai da tsawo. Umarnin lsblk ya nuna mini diskin da sassansa uku: vda1 babba inda komai yake, sai vda14 da vda15 ƙanana na tayar da na'ura. Na buga mount /dev/vda1 /mnt, sannan chroot /mnt, umarnin da ke shigar da mutum cikin tsarin da ke kan diskin, sai ga ni a cikin sabarmu da cikakken iko. Na leƙa /etc/shadow, fayil ɗin kalmomin sirri, na tarar da alamar ! a gaban root. Ma'ana asusun a kulle yake ta fuskar kalmar sirri, kamar yadda Ubuntu ke barinsa tun asali, don ta fi son mutum ya yi aiki da sudo, umarnin da ke ara wa asusu na yau da kullum ikon root. Kalmar da aka miƙo mini, ko ta mece ce, ba ta wannan ƙofar ba ce. Na buga passwd na sa sabuwa, kuma da gangan na yi ta da haruffa da lambobi zalla, saboda na san halin madannan konsol. Na kuma zuba makullina a /root/.ssh/authorized_keys, folda a kan izini 700, fayil a kan 600, don idan wasu na da damar rubutu a wurin SSH zai yi watsi da makullin.

Akwai wani tarko a nan da jagorar kamfanin ba ta ko ambata ba. Jagorar ta ce a buɗe /etc/ssh/sshd_config a gyara PasswordAuthentication zuwa yes, shi ke nan. Wannan shawara ta tsufa. Tun OpenSSH 8.2 na shekarar 2020 fayil ɗin na iya janyo wasu fayiloli, kuma Ubuntu na sa layin Include a can sama yana nuna foldar sshd_config.d. Dokar sshd, manhajar da ke karɓar masu shiga ta SSH, ita ce ƙimar da ya fara cin karo da ita ita ce ke aiki. Don haka idan akwai ƙaramin fayil a waccan foldar da ya ce no, ko ka rubuta yes a ƙasa da manyan baƙaƙe ba zai saurare ka ba. A tamu akwai shi. Ƙari kuma, tun OpenSSH 7.0 na 2015 root ba ya shiga da kalmar sirri ta SSH sai an buɗe masa da gangan. Ke nan ko da maɓallin nan na farko ya yi aikinsa, da kalmar da zai ba ni a konsol kaɗai za ta amfane ni. Ban sauya ko ɗaya daga cikin saitunan biyu ba, don yadda suke shi ne daidai, makulli ya ishe ni.

Na fita daga chroot, na sauke diskin da umount, na sake kunnawa. Tsarin ceton na tashi ɗaya ne, yana kashe kansa, ba sai ka koma ka cire shi ba. Sabar ta dawo, shafi ya dawo, amma SSH na nan a toshe gare ni, saboda fail2ban na ajiye jerin waɗanda ya kora a cikin rumbunsa, sake kunnawa ba ya yafe musu. Nan ne konsol ɗin da na gama kushewa ta yi rana. Na shiga da sabuwar kalmar root, na buga fail2ban-client set sshd unbanip tare da adireshina, ƙofa ta buɗe. Na mayar da qemu-guest-agent, na buɗe wa kaina asusu mai sudo, na cire tsohon makullin wanda ya tafi, na sake kulle root da passwd -l.

Masu taimakon abokan hulɗa kuwa ba yabo ba fallasa. Na buɗe tikitin neman taimako tun lokacin da maɓallin ya gaza. Amsar farko ta ce in danna maɓallin sauya kalmar sirri, abin da na riga na faɗa a layin farko cewa na yi. Ta biyu ta fito daga wanda ya san aiki: ya ce sabar irin wadda mai haya ke kula da ita da kansa ce, ba sa shiga cikinta, amma ya nuna mini inda tsarin ceto yake. Gaskiyarsa ce, haka yarjejeniyar take, kuma na fi son wannan da a ce ma'aikatansu na yawo a cikin diskin mutane.

Wanda ke da Rocky Linux ko AlmaLinux ya tuna da touch /.autorelabel kafin ya fita daga chroot, in ba haka ba tsarin tsaronsu, SELinux, na iya hana sabuwar kalmar aiki. Mai LVM sai ya fara da vgchange -ay kafin sassan diskin su bayyana. Wanda kuma ya rufe diskinsa da LUKS ya manta kalmar buɗewa, tsarin ceto ba shi da abin da zai yi masa.

Abin da ya tsaya mini a rai shi ne sauƙin aikin. Ban san kalmar sirrin sabar ko ɗaya ba, da imel da kalmar asusun kamfani kawai na mallaki rumbun bayanan mambobinmu. Duk wanda ya samu waɗannan biyun zai yi abin da na yi, fail2ban da makullan SSH ba za su tare shi ba. Kamfanin na da tabbacin shiga mai mataki biyu, amma a kashe yake zuwa, ba ya matsa wa kowa ya kunna, kuma babu imel ɗin da ya zo mana cewa an tayar da sabarmu a tsarin ceto. Za mu ci gaba da haya a wurinsu, na kunna mataki biyun a ranar, na kuma rubuta musu buƙatu biyu: koren akwatin ya daina fitowa idan sabar ba ta amsa ba, kuma a riƙa sanar da mai asusu duk lokacin da aka kunna tsarin ceto.